Ni ne Likita, Ni ce Likita

A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwar da ta faranta ran masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a Birtaniya: an gano kashi 9 na tsohon shirin talabijin ɗin nan, Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fid da rai a kansu. A Jos aka same su, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin, cikin gwangwanayen fim da suka yi shekara kusan 40 a kan kanta ba wanda ya waiwaye su. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin sawun tsofaffin faya-faye, shi ya tono su. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge faya-fayenta don ta ɗauki sababbin shirye-shirye a kansu, sai kwafin da ta sayar wa ƙasashen waje ne wasu suka tsira. Ashe ke nan mutanenmu da suka zauna gaban akwatin talabijin mai baƙi da fari a Jos sun san wannan jarumi tun ba a haifi yawancin masu gardama a kansa a yau ba. Saboda haka muna da bakin magana a cikin gardamar.

Ga wanda bai san shirin ba, an fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jaruminsa ba a taɓa bayyana sunansa na yanka ba, Doctor kawai ake ce masa, wato Likita a bakinmu. Ba ɗan Adam ba ne. Wata halitta ce daga duniyar da ake kira Gallifrey, mai zuciya biyu a ƙirji, yana yawo a cikin zamani, ya koma jiya ya leƙa gobe, a cikin wani jirgi wanda daga waje bai wuce ɗan rumbun wayar 'yan sandan Ingila ba, daga ciki kuwa ya fi gidan sarki faɗi. A 1966 rashin lafiya ta ci ƙarfin William Hartnell, ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Likita. Maimakon a rufe shirin, sai marubutansa suka ɓullo da dabara: duk lokacin da jikin Likita ya tsufa ko ya ji raunin da ba ya warkewa, sai ya rikiɗa, ya tashi da sabuwar fuska, sabuwar murya da sabon hali, amma da tunanin duk abin da ya wuce. Haka Patrick Troughton ya gaji Hartnell, kuma fuskarsa ce ke cikin gwangwanayen nan na Jos. Da wannan dabara maza 12 suka jeru a kan kujerar, har zuwa ranar 16 ga Yuli 2017, lokacin da BBC ta sanar cewa ta 13 mace ce, Jodie Whittaker.

Aka yi ta ka-ce-na-ce. Wasu suka ce an lalata musu gadon ƙuruciya, wasu suka ce an ma makara. Ra'ayina shi ne a wannan labari an yi daidai, amma dalilin da ya sa aka yi daidai bai yarda a mai da abin doka ga kowane labari ba. Masu murna da masu fushi duk sun yi saurin wuce wannan gaɓa, kuma ita ce nake so mu tsaya a kai.

Mu fara da harshe, domin mu a nan Bahindi muna da wani abin lura da mai zama Landan ba shi da shi. A ƙasar Bagudo, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya har ƙetaren iyakar Benin, kunne ya saba da harsuna da dama a kasuwa ɗaya. Bazabarme ko mutumin Dandi idan yana ba da labari, da “a” yake nufin namiji, da ita yake nufin mace. Bafillace ma “o” ɗaya gare shi ga kowa. Da a ce a waɗannan harsuna aka rubuta shirin, Likita zai rikiɗa ya zama mace ba tare da nahawu ya motsa ba. Turanci yana bambantawa ne kawai idan ana maganar wanda ba ya wurin. Hausa kuwa ba ta ɗaga ƙafa: ya zo, ta zo, kai, ke, ka ji, kin ji, naka, naki. Mai fassara shirin zuwa Hausa, irin waɗanda ke juya mana fina-finan Indiya, sai ya sauya kusan kowace jimla da abokan tafiyar Likita za su faɗa masa. Amma duba abin da bai sauya ba. Kalmar “likita” ta kowa ce, likita ya zo, likita ta zo. “Ni” ma ba ta da jinsi. Jiya ya ce ni ne Likita, yau ta ce ni ce Likita. Mai maganar yana nan, muƙamin yana nan, ɗan harafin da ke tsakaninsu ne ya juya. Dukan hujjar masu shirin a cikin wannan 'yar jimla take.

Tambayar da ya kamata a yi wa kowane jarumin labari kafin a taɓa jinsinsa ita ce: shi mutum ne, ko riga ce da mutane ke sawa? Bahaushe ya san bambancin nan sarai, domin a kansa aka gina sarauta. Galadima ya rasu, an naɗa Galadima. Ba wanda ke cewa sabon ya yi ƙarya don bai yi kama da tsohon ba. Kuma rigunan sarautarmu sun sha ƙetare iyakar jinsi, sai dai mun manta. A Zazzau ta zamanin sarakunan Haɓe, Iya sarautar mata ce, kamar yadda sunan ya nuna. Bayan jihadi ta koma hannun 'ya'yan sarki maza, har yau kuma Iyan Zazzau namiji ne mai rawani, kunnen kowa ya saba. Labarin Daura ma, ko a ɗauke shi tarihi ko almara, yana cewa mata ne suka yi ta mulki har zuwa Daurama, sannan Bayajidda ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, mulki ya koma ga zuriyarsa maza. Ta ɗaya ɓangaren kuma, “jaji” a da sunan jagoran ayarin fatake ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki sunan ta ba matan da ke jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta neman ilimi, ta naɗa musu malfa a ka. Ba ta mai da su maza ba. Ta ga cewa aikin jaji shi ne ya san hanya, ya tsare ayari, ya kai shi lafiya, kuma babu abin da ya hana mace yin haka ga ayarin mata.

A lura da abu ɗaya a misalan nan: ba a wayi gari kawai aka ga sauyi ba. Kowanne yana da ƙofar da ya shigo ta ciki. Na Daura labari guda aka gina don ya bayyana shi, da maciji da rijiya da aure. Na 'yan taru buƙata ce ta kawo shi, matan karkara da ba za su iya barin gidajensu ba sai da wadda za ta kai musu karatu.

Doctor Who ya gina tasa ƙofar tun 1966, sa'annan ya yi shekaru yana faɗaɗa ta. Sydney Newman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shirin, tun a 1986 ya rubuta wa shugabannin BBC shawarar cewa nan gaba a mai da Likita mace. A 2011 an ambaci wani ɗan ƙabilar Likita da ya taɓa rikiɗa daga namiji zuwa mace. A 2014 babban abokin gabarsa, wanda maza suka yi ta fitowa a matsayinsa tun 1971, ya dawo a siffar mace mai suna Missy, Michelle Gomez ce ta fito a matsayin. A 2015 aka nuna wani janar na Gallifrey ya rikiɗa ya zama mace a gaban idon masu kallo. Wanda ya yarda cewa tsoho mai furfura zai faɗi ya tashi saurayi, ya yarda da zuciya biyu da jirgin da cikinsa ya fi wajensa girma, amma ya ce hankalinsa ya tsaya a kan mace, to matsalarsa ba ta dokar labarin ba ce. (Abin dariya ma, mace ce ta fara jagorantar shirin a 1963, Verity Lambert, tana 'yar shekara ashirin da wani abu, kuma mace ce, Delia Derbyshire, ta haɗa sautin kiɗan buɗewar nan da masoyansa ke ji tsigar jikinsu ta tashi.)

To amma a gwada wannan ma'auni a kan Gizo. Gizo ba riga ba ce. Mijin Ƙoƙi ne, kuma rabin dariyar tatsuniyoyinsa daga nan take fitowa: maigida mai haɗama da tsamin baki, wanda ke ɓoye abinci ga iyalinsa, ya ƙulla ƙarya ta warware a gaban matarsa. Tsofaffin matan da suka yi ta ba mu labarinsa da dare sun san wanda suke zolaya. Idan aka mai da Gizo mace, an cire wa tatsuniyar haƙoranta, kuma an ƙwace wa mata makamin da suka daɗe suna tsokanar maza da shi cikin raha. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Haka nake ganin James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila da aka fara yi wa fim a 1962. Halinsa da laifuffukansa na wani irin namiji ne na wani zamani. In an raba shi da su, suna kawai ya rage. Barbara Broccoli, wadda ta daɗe tana riƙe da ragamar fina-finan har zuwa 2025, ta sha faɗin cewa Bond zai ci gaba da zama namiji, gara a ƙirƙiro wa mata nasu jarumai. Abin da suka yi a fim ɗin 2021 ya nuna sun gane bambancin riga da mutum: lambar aikin, 007, ta koma hannun wata mace da Lashana Lynch ta fito a matsayinta, Bond kuwa ya ci gaba da zama Bond.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu a ƙasarmu, wato hanin da ya zo a hadisi game da namiji ya kamanta kansa da mace ko mace ta kamanta kanta da namiji. Malamai ne ke da fatawa, amma yana da kyau a san abin da ake magana a kai kafin a kai musu tambaya. Whittaker ba ta yi shigar maza ba, ba ta kwaikwayi muryarsu ba. Mace ce ta fito a matsayin mace. Wanda ya rikiɗa a cikin labarin kuma ba ɗan Adam ba ne, halittar ƙage ce. Rikiɗa kuwa tsohon kayan aikin tatsuniyarmu ne. Wa bai ji labarin baunar da ta zama kyakkyawar budurwa ta auri ɗan maharbi don ta san asirinsa ba? Ba mu taɓa jin an ɗauki wannan a matsayin wa'azin cewa dabba da mutum ɗaya ne ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina daga cikin gidan shirin ya fito. Peter Davison, wanda shi kansa ya yi Likita daga 1981 zuwa 1984, ya yaba wa Whittaker amma ya nuna damuwa cewa yara maza za su rasa abin koyi. An yi masa ca, har Colin Baker, wanda ya gaje shi, ya fito ya musa masa. Ni kuwa ina ganin maganarsa ta cancanci a saurara. Likita jarumi ne da ba ya yawo da bindiga. Makaminsa wani ɗan sukundireba ne mai ƙara, da kaifin basira, da baki. Yana cin nasara ne da tambaya, da karatu, da ba abokin gaba damar ya ja da baya kafin a kai ga ɓarna. Duk wanda ya leƙa gidan kallo a garuruwanmu, ko ya ga irin fina-finan da samari ke biyan kuɗi a tura musu a waya, ya san irin wannan namiji ba shi da yawa a allon. Yawancin jaruman da yaro ke gani da naushi suke warware magana. Gizonmu yana da wayo, amma wayon cuta ne. Saboda haka idan akwai namiji ɗaya a talabijin da ke nuna wa yaro cewa ilimi da tausayi jarumtaka ne, ɗauke shi ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ƙorafin bai isa ya hana ba. Kujerar ba a sayar da ita ba, aro aka ba da: Whittaker ta sauka a 2022, David Tennant ya dawo na ɗan lokaci, sannan Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya hau. Kuma akwai wani zato a ɓoye cikin ƙorafin, cewa yarinya za ta iya koyi da namiji, kamar yadda 'yan matan Birtaniya suka yi ta yi na shekara 54, amma yaro ba zai iya koyi da mace ba. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan ba gaskiya ba ne. A bakin kaka muka fara jin mene ne amana da cin amana, da yawanmu kuma uwa ko yaya ce ta fara biya mana allo. Yaron da aka ba labarin Amina ta Zazzau, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa ayarin sojan Faransa a 1899, ba ya tambaya ko an yi kuskuren jinsi, hannu yake ɗagawa ya ce shi ma da yana nan da ya yi yaƙi.

Sai maganar abin da ya biyo baya, wadda masu adawa ke kafa hujja da ita. Kashin farko na Whittaker, ranar 7 ga Oktoba 2018, ya samu masu kallo fiye da miliyan 10 a Birtaniya. Zuwa ƙarshen zamaninta adadin ya sauko zuwa rabin haka, wani lokaci ma ƙasa. Sai dai saukar ta fara tun zamanin Peter Capaldi da ya gabace ta, kuma ta ci gaba bayan an mai da kujerar ga namiji, domin duk duniya mutane suna barin akwatin talabijin suna komawa waya. Inda nake ganin an gaza shi ne wajen rubutu. Chris Chibnall, shugaban marubutan lokacin, ya cika mata jirgi da abokan tafiya har 3, ta rasa filin numfashi, sa'annan a 2020 ya sake wa Likita tarihin asali baki ɗaya, abin da ya ɓata ran tsofaffin masoya fiye da batun jinsi. Mafi muni, kamar an ji tsoron a ba ta fushi, girman kai da duhun zuciyar da aka bar wa mazan da suka gabata. Aka yi ta mai fara'a da haƙuri, kamar amaryar da aka ce ta kama kanta a gidan surukai. Missy kuwa, da aka sake mata mara ta yi mugunta son ranta, masu kallo sun so ta. Jo Martin ma, da ta ɓullo a 2020 a matsayin wata siffar Likita mai zafin rai, cikin 'yan mintoci ta cika allon. Ba jinsin ba ne ya yi rauni, abin da aka rubuta wa mai jinsin ne. Wannan shi ne haɗarin rigar gado: idan shiri ya yi kyau a ce daɗewarsa ce, idan ya lalace a ce mace ce ta lalata. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu a nan matsalarmu ta sha bamban, kuma ta fi tsanani: ba mu da jarumin ƙagen kimiyya da ya daɗe har a yi gardamar gadonsa. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon nan na sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya zaga da shi. Ɗalibai sun karanta shi a makarantu, masana adabi suna ambatonsa duk lokacin da aka zo maganar ƙagen kimiyya a Hausa, amma fiye da rabin ƙarni ke nan bai samu magada masu yawa ba. Kannywood ta ƙware a soyayya da rikicin gida, ta kuma koyi yin shiri mai dogon zango, sai dai ba ta koyi gina ƙofar sauyi ba. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira a 2022, Fati Washa aka kawo ta ci gaba da zama Sumayya, labarin kuma ya wuce kamar ba abin da ya faru. Mai kallo ne aka bari da aikin rufe ido, alhali kama da wane ba ta wane.

Da wani zai farfaɗo da littafin Dembo ya mai da shi shiri mai dogon zango, ba zan so a mai da Kilba mace ba. Kilba mutum ne, yaro ne na zamaninsa, a bar shi ya girma ya yi furfura yana ba jikoki labarin abin da ya gani. Rigar da ke cikin labarin ita ce ta wanda tauraruwar ta ɗauka, kuma tauraruwa mai wutsiya dama tafiya take yi ta dawo bayan shekaru. In ta dawo ba dole ne a gari ɗaya za ta sauka ba, ba dole ne yaro namiji za ta tarar ba. Tana iya tarar da 'yar tallar kifi a bakin Kwara a ƙasar Bagudo, wadda ke ciniki da Hausa, ta yi gaisuwa da Fulatanci, ta yi faɗa da Zabarmanci, ta kuma san canjin naira da sefa a ka. Idan za a aika wani ya yi magana da halittun da ba a san harshensu ba, ita ta fi Kilba shiri.